Jagora: Matakan Biza da Igama a Saudiyya, da Lokacin da Ya Dace a Ɗauki Lauya

Tambayoyi iri ɗaya ne suke ta maimaituwa daga 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda da Madina da Riyad, da kuma waɗanda suke gida suna haɗa kuɗin tahowa: wace biza ce take halatta aiki, wa ya kamata ya biya kuɗin igama (katin izinin zama), me ake yi idan kafili (wanda ya ɗauko mutum aiki da sunansa) ya buga wa mutum hurub (rahoton gudu daga aiki), kuma a wane mataki ne ɗaukar lauya yake da amfani. Abu guda ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko, domin a kansa sauran bayanin ya ginu: a Saudiyya matsayin baƙo shi ne abin da yake rubuce a na'urar hukuma, ba abin da kafili ya faɗa da baki ba, kuma kusan kowane haƙƙi da doka ta ba shi yana da wa'adin da idan ya wuce sai neman haƙƙin ya yi wuya ko ya gagara. Kuɗaɗen da aka ambata a nan na hukuma ne, hukuma kuwa takan sauya su, saboda haka a duba adadin da manhajar hukuma ta nuna kafin a biya.

1. Zaɓen biza tun daga gida

Bizar umara ta ibada ce, zamanta ba ya wuce kwana 90, kuma kowace shekara ana sanar da ranar ƙarshe da masu umara za su fice gabanin Hajji. A 2025 ranar ita ce 1 ga Zulƙida, wato 29 ga Afrilu. Bizar ziyarar iyali kuwa mazaunin ƙasar mai igama ne yake nema wa matarsa ko 'ya'yansa ko iyayensa ta dandalin Ma'aikatar Harkokin Waje. Babu ɗaya daga cikin biyun da ta halatta aiki, ko da wanke-wanke ne a gidan abinci, kuma babu wadda ta halatta aikin Hajji.

Bizar aiki daga Saudiyya take tasowa. Kamfani ko mutumin da zai ɗauke ka shi yake fitar da ita da sunan wata sana'a takamaimai, ya wakilta ofishin ɗaukar ma'aikata a ƙasarka, sannan kai ka yi gwajin lafiya a asibitin da aka amince da shi, a ɗauki zanen yatsunka, a miƙa fasfo ga ofishin jakadanci, wanda a Najeriya yake Abuja, da ƙaramin ofishi a Kano. Kafin ka ba kowa ko kwabo, ka nemi a nuna maka lambar bizar da sunan mai ɗaukar aikin da sana'ar da aka rubuta, sannan ka tambayi lasisin da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayyar Najeriya take ba kamfanonin kai ma'aikata ƙasashen waje. Dillalin da ya fusata don an tambaye shi lasisi ya riga ya ba ka amsa.

Gargaɗi: abin da ake sayarwa da sunan "biza hurra", wato ka shigo da sunan wani kafili, ka nemi aikinka a gari, kana biyansa wani abu duk wata ko duk shekara, babu shi a doka. Sashe na 39 na Dokar Ƙwadago ta Saudiyya ya haramta wa ma'aikaci yi wa wani aiki ban da wanda ya ɗauko shi, ya kuma haramta masa yin sana'a don kansa. Hukuncin karo na farko tarar riyal 10,000 ne da tasa ƙeya, yana ƙaruwa har ya kai riyal 50,000 da ɗaurin wata shida. Mafi muni, wannan kafili na boge zai iya kai rahotonka a duk ranar da kuka saɓa, kai kuwa ba ka da wata yarjejeniya ta halal da za ka nuna wa alƙali. Wanda ya maƙale bayan ƙarewar bizar shigowarsa yana fuskantar tarar da za ta iya kaiwa riyal 50,000 da ɗaurin wata shida da tasa ƙeya. Wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji ba tare da izini ba, bisa abin da aka sanar a 2025, tararsa tana kaiwa riyal 20,000, a kuma hana shi shigowa shekara goma, yayin da wanda ya nema masa bizar ziyara ko ya ɗauke shi a mota ko ya ba shi masauki zai iya biyan riyal 100,000. Mai igama da yake tunanin taimakon ɗan'uwa ta wannan hanya ya yi lissafi da kyau.

2. Karanta kwantiragi

Ma'aikatan kamfanoni da shaguna ana ajiye kwantiraginsu a dandalin Qiwa, masu aikin gida da direbobin gida kuma a Musaned. Idan an rubuta kwantiragi da Larabci da wani harshe, na Larabcin ne abin dogaro a gaban hukuma, saboda haka ka sami wanda ka yarda da shi, ba ɗan ofishin da ya kawo ka ba, ya karanta maka shi layi-layi. Ka duba albashin asali daban da alawus na gida da na mota, da sunan sana'a, da tsawon wa'adi, da garin da za a yi aikin, da lokacin gwaji, wanda ba ya wuce kwana 180.

Gargaɗi: kada ka amince da kwantiragi a Qiwa idan albashin da ke ciki bai kai wanda aka yi maka alkawari ba, ko da an ce za a riƙa cika maka a hannu, domin ranar rikici abin da ke rubuce shi za a lissafa. Kada kuma ka sa hannu ko dangwale a farar takarda, ko a takardar amsa bashi da ake kira sanad li amr. Wannan takarda ba ta buƙatar doguwar shari'a, kai tsaye ake kai ta kotun zartar da hukunci, kuma da ita ake iya toshe asusunka a hana ka fita ƙasar.

3. Fitar da igama

Daga ranar da ka shigo, mai ɗaukar aiki yana da kwana 90 ya fitar maka da igama. A cikin wannan lokaci za a sake yi maka gwajin lafiya, a yi maka inshorar lafiya, a biya kuɗin lasisin aiki da na igamar. Kuɗin igama riyal 650 ne a shekara ga ma'aikacin kamfani, 600 ga mai aikin gida, kuɗin lasisin aiki kuwa yana kaiwa riyal 700 ko 800 a wata gwargwadon yawan 'yan ƙasa da kamfanin ya ɗauka. Sashe na 40 na Dokar Ƙwadago ya ɗora wa mai ɗaukar aiki waɗannan kuɗaɗe duka, da na sabuntawa, da tarar jinkiri, da kuɗin bizar fita da dawowa, da tikitin komawa gida idan aiki ya ƙare. Idan ana cire su daga albashinka, ka riƙa ajiye shaidar hakan wata-wata.

Ka adana lambar shigowa da jami'in Jawazat, wato hukumar shige da fice, ya ba ka a filin jirgi, domin da ita ake duba bayananka kafin igama ta fito. Fasfonka kuwa naka ne, doka ta hana kafili riƙe shi. Ka ɗauki hoton shafinsa na farko da na biza, ka tura wa wani amintacce a gida.

4. Riƙe Absher da hannunka

Da zarar igama ta fito, ka sayi layin waya da sunanka, ka buɗe asusun banki da sunanka, ka yi rajistar Absher, manhajar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sannan ka kunna Nafath, wadda da ita ake shiga Qiwa da Najiz (dandalin Ma'aikatar Shari'a) da sauran dandalolin gwamnati. Wannan mataki ne gajere, amma a nan mutanenmu suka fi yin sakaci. Da yawa suna barin ɗan ofis ya buɗe musu Absher da lambar wayarsa, daga nan duk wani saƙon hukuma, har da sammacin kotu da sanarwar hurub, wurinsa yake zuwa. Kada ka faɗa wa kowa lambar sirri da aka turo maka, kada kuma ka amince da wata buƙata a Nafath da ba kai ka nema ba, domin da haka ake yanka wa mutum layuka da basussuka da sunansa. Aƙalla sau ɗaya a wata ka shiga ka duba ranar ƙarewar igama da tarar hanya da matsayinka na aiki.

5. Sabunta igama da sha'anin iyali

Sabuntawa aikin kafili ne, amma kai za a tsayar a hanya, don haka ka fara tuna masa saura wata biyu. Sai fasfo yana da rai, inshora tana aiki, an kuma biya tarar hanya, sannan sabuntawa take wucewa. Jinkiri yana jawo tarar riyal 500 a karo na farko, 1,000 a na biyu, na uku kuwa yana iya kaiwa ga tasa ƙeya. Ma'aikatan kamfanoni ana iya sabunta musu na wata uku ko shida ko tara maimakon shekara guda. Wanda fasfonsa ya kusa mutuwa ya nufi ofishin jakadancin ƙasarsa a Riyad ko ƙaramin ofishi a Jidda da wuri, bayan ya karɓi sabo kuma ya tabbatar an mayar da bayanansa cikin na'urar Jawazat.

Mai son zama da iyalinsa ya san cewa tun daga Yulin 2020 ana biyan riyal 400 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar ma'aikacin kamfani, kuma wannan kuɗi a wuyan maigida yake, ba na kafili ba, sai dai idan kwantiragi ya faɗi haka. Mace ɗaya da 'ya'ya uku sun kama riyal 19,200 a shekara. Jaririn da aka haifa a nan, a karɓi sanarwar haihuwa daga asibiti, a yi masa takardar haihuwa a ofishin Ahwal mai rajistar jama'a, a yi masa fasfo, a saka shi a igamar mahaifinsa ba tare da jan ƙafa ba. Haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa, kuma yaron da aka bari ba takarda shi ne zai sha wahalar makaranta da asibiti.

6. Zuwa gida da dawowa, da fita ta ƙarshe

Bizar fita da dawowa ta tafiya ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, da ƙarin 100 a kan kowane wata. Ta tafiye-tafiye da yawa riyal 500 ce na wata uku, da ƙarin 200 a wata. Idan kana gida aka tsawaita maka, kuɗin kowane wata ninkawa yake yi. Ka duba ranar ƙarshe ta dawowa a Absher da idonka, ka lura ko da kalandar Hijira aka rubuta ta.

Bizar fita ta ƙarshe tana ba da wa'adin da bai wuce kwana 60 ba a bar ƙasar, kuma ba ta fita sai an biya tara, an kuma sauke duk motar da ke da sunanka. Wanda ya bar ta ta ƙare bai fita ba, bai kuma sa an soke ta ba, zai biya riyal 1,000.

Gargaɗi: a wannan gaɓar ce ake miƙo takardar mukhalasa, wadda take cewa ka karɓi dukan haƙƙoƙinka. Kada ka sa hannu sai kuɗin ya shiga asusunka.

7. Canjin kafili

Tun daga 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani wurin aiki ba da yardar kafilinsa ba idan kwantiraginsa ya ƙare, ko kuma bayan ya cika shekara guda a ƙasar, muddin ya ba da sanarwa ya kuma cika sharuɗɗan kwantiragi. Akwai yanayin da ba a jiran shekara: idan an yi wata uku a jere ba a biya albashi ba, ko ba a fitar da lasisin aiki cikin kwana 90 da shigowa ba, ko igama ta mutu ba a sabunta ba, ko babu kwantiragi a rubuce a Qiwa. Sabon mai ɗaukar aiki ne yake tura buƙata ta Qiwa, kai ka amince, shi kuma ya biya kuɗin canji, riyal 2,000 a karo na farko, 4,000 a na biyu, 6,000 a na uku. Kada ka fara aiki a sabon wuri kafin canjin ya kammala a na'ura. Wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona na ɗaiɗaikun mutane ba, su nasu tsarin daban ne.

8. Idan an buga maka hurub

Hurub shi ne rahoton da kafili yake kaiwa cewa ma'aikacinsa ya daina zuwa aiki. Tun daga Oktoban 2022, idan aka kai wannan rahoto a kan ma'aikacin kamfani, yana da kwana 60 ya koma wani kafilin ko ya yi fita ta ƙarshe. Idan kwanakin suka cika bai yi ko ɗaya ba, sai a ɗauke shi mai karya dokar zama. Ga 'yar'uwa mai aikin gida kuwa, kafili yana iya janye rahoton cikin kwana 15, kuma idan ba ta cika shekara biyu a ƙasar ba, hanyar da take gabanta cikin kwana 60 ita ce fita ta ƙarshe, wadda ta haura shekara biyu ce take da zaɓin komawa wani gidan.

Abin yi a jere shi ne: ka duba ranar da aka shigar da rahoton, domin daga ita ake ƙirga kwanaki, ba daga ranar da ka ji labari ba. Ka tattara duk abin da yake nuna kana bakin aiki ko an hana ka haƙƙinka, wato bayanan banki, saƙonnin WhatsApp tsakaninka da kafili, takardar asibiti idan rashin lafiya ce ta kwantar da kai, da sunayen abokan aiki da za su yi shaida. Ka kira Ma'aikatar Ƙwadago a 19911 ko ka je ofishinta mafi kusa ka shigar da ƙorafi cewa rahoton na ƙeta ne. A lokaci guda kuma ka ci gaba da neman sabon kafili, kada ka zauna jiran sakamakon ƙorafi kwanaki suna tafiya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin wurin aiki kafin a kai ƙara. Wanda aka hana albashi, ya fusata ya kwashe kayansa ya koma wurin 'yan'uwa a wata unguwa, ya ba kafili hujja da hannunsa, tunda Sashe na 80 ya ba mai ɗaukar aiki damar sallamar wanda ya yi fashin fiye da kwana 15 a jere ba dalili, bayan an yi masa gargaɗi a rubuce. Gaskiya ne Sashe na 81 ya halatta wa ma'aikaci barin aiki ba sanarwa idan an tauye masa haƙƙi ko an ci zarafinsa, amma sai ka iya tabbatar da hakan, kuma ƙorafin da ka riga ka shigar shi ne shaidarka mafi ƙarfi. Wadda ake duka ko ake yi wa barazana a gidan aiki, wannan ba maganar jira ba ce, ta nemi 'yan sanda da ofishin jakadanci nan take.

9. Shin lamarin na lauya ne?

A bambanta mutane biyu. Mu'akkib shi ne mai bin takardu a ofisoshi, yana da amfani wajen cike fom da neman layi, amma ba ya tsayawa a gaban alƙali. Lauya kuwa ɗan ƙasa ne mai lasisi daga Ma'aikatar Shari'a. Sabunta igama da bizar ziyara da fita da dawowa ba sa buƙatar lauya. Haka ma ƙarar albashin wata biyu ko uku da shaidarta take a fili, domin mutum yana iya tsaya wa kansa a kotun ƙwadago, kuma ma'aikaci ba ya biyan kuɗin shari'a a kan haƙƙin da ya taso daga kwantiraginsa.

Inda ɗaukar lauya ya cancanci kuɗinsa shi ne: idan haƙƙin yana da yawa, kamar kuɗin sallama na shekaru masu tsawo, idan kafili ya haɗa hurub da zargin sata ko cin amana, idan an hana ka fita saboda bashi ko takardar da ka sa wa hannu, idan ana zarginka da tasattur, wato gudanar da kasuwanci da sunan ɗan ƙasa, wanda hukuncinsa yake kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar, idan maganar aure ce ko riƙon 'ya'ya ko gado da ta shafi takardun zama, ko kuma idan ana son ƙalubalantar shawarar wata hukuma a Diwanul Mazalim, kotun da take sauraron ƙarar hukumomin gwamnati, inda ake fara kai ƙorafi ga hukumar da kanta cikin kwana 60 da sanin shawarar.

Akwai kuma abin da babu lauyan da zai iya. Ba ya mayar da bizar umara igama, ba ya goge zanen yatsun wanda aka tasa ƙeyarsa, ba ya sayo wa kowa zama ɗan ƙasa. Duk wanda ya ce yana da mutum a Jawazat da zai gyara na'ura, ko damfara ce ko cin hanci, kuma a dokar ƙasar mai bayarwa da mai shiga tsakani suna shan hukunci kamar mai karɓa.

10. Tantance lauya da ba shi wakala

Ka nemi cikakken sunansa da lambar lasisinsa, ka duba su a jerin lauyoyi masu lasisi a Najiz. Ka je ofishinsa da kanka. Wanda ba shi da wurin zama sai shago ko harabar masallaci, ba shi kake nema ba. Ka tafi da fasfo da igama da kwantiragi da bayanan banki, da takarda guda da ka jera abubuwan da suka faru da ranakunsu. Ka faɗa masa gaskiya duka, har da abin da bai yi maka daɗi ba, kamar aikin da ka yi a wani wuri ko takardar da ka sa wa hannu, domin ɗaya ɓangaren zai fito da su a zama. Idan Larabcinka na kasuwa ne, ka tafi da wanda ya iya sosai.

Ka tambaye shi wace kotu ce take da hurumi, wane wa'adi ne ya fi kusa, me yake ganin raunin ƙararka, kuma wa zai halarci zama, shi ko wani a ofishinsa. Lauyan da ya ba ka tabbacin nasara tun kafin ya karanta takardu, ka yi hattara da shi. Kuɗin lauya ba shi da farashi ƙayyadadde, wani dunƙule yake karɓa, wani kashi-kashi, wani kuma wani kaso na abin da aka samo. Ko wanne ne, a rubuta shi, a bayyana ko ya haɗa da ɗaukaka ƙara da bin kuɗi a kotun zartarwa, a bayyana ko harajin kashi 15 cikin ɗari yana ciki, kuma ka biya ta asusun ofishin, ka karɓi rasit.

Gargaɗi: wakala, wato takardar da take ba lauya ikon wakiltarka, ta Najiz ake yin ta, kuma kai ne kake zaɓen ikon da za ka bayar. Ikon shigar da ƙara da kare ta daban yake da ikon yin sulhu, da yafe haƙƙi, da amsa laifi ko bashi, da karɓar kuɗi a madadinka. Ka ba da na farko, sauran ka riƙe sai da dalili. Ka sa wa wakalar wa'adi, ka kuma san cewa kana iya soke ta a Najiz duk lokacin da ka so. Asalin fasfo da igama su zauna a hannunka, kwafi ya ishi lauya.

11. Sulhu, kotu, da karɓar haƙƙi

Rikicin aiki ba ya zuwa kotu kai tsaye. Ana fara shigar da shi ta intanet a sashen sulhu na Ma'aikatar Ƙwadago, wanda yake da kwanakin aiki 21. Idan an daidaita, takardar sulhun tana da ƙarfin da za a zartar da ita. Idan ba a daidaita ba, ko kafili ya ƙi halarta, sai a ba ka takardar gazawar sulhu, ka shigar da ƙara a kotun ƙwadago ta Najiz. Kada ka yi fashin zama ko ɗaya, domin rashin halartar mai ƙara yana sa a ajiye fayil. Yawancin zama ta waya ko kwamfuta ake yi, harshen kotu Larabci ne, kuma kana da damar neman tafinta tun kafin ranar.

Ka je da lissafinka a shirye. Sashe na 84 ya ce kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, da albashin wata cikakke a kan kowace shekara bayan haka. Mai albashin riyal 2,000 da ya yi shekara bakwai yana da 5,000 na shekaru biyar na farko da 4,000 na biyun ƙarshe, jimilla 9,000. Idan shi ya yi murabus, Sashe na 85 ya ba shi sulusi tsakanin shekara biyu zuwa biyar, sulusi biyu tsakanin biyar zuwa goma, cikakke bayan goma, wato a wannan misali 6,000. Mai aikin gida lissafinta daban ne, albashin wata guda ne bayan shekara huɗu a jere a gida ɗaya.

Wa'adi biyu ne suke kashe ƙara a nan. Ba a sauraron ƙarar ƙwadago bayan wata 12 da ƙarewar alaƙar aiki, sai da uzurin da kotu ta karɓa ko kuma mai ɗaukar aikin ya amsa haƙƙin, ɗaukaka ƙara kuwa kwana 30 ne, 10 a al'amuran gaggawa. Samun hukunci kuma ba shi ne samun kuɗi ba. Sai ka kai shi kotun zartarwa ta Najiz, a ba wanda ake bi kwana biyar ya biya, in ya ƙi a toshe asusunsa.

12. Wanda takardunsa suka riga suka mutu

Wanda ya maƙale bayan umara, ko hurub ɗinsa ya tabbata, ko aka haife shi a nan ba a yi masa takarda ba, hanyarsa ta fara ne daga ofishin jakadancin ƙasarsa. Najeriya da Nijar duka suna da ofisoshi a Riyad da Jidda, kuma a can ake ba wanda ba shi da fasfo takardar tafiya ta gaggawa bayan an tabbatar ɗan ƙasa ne. Daga nan sai sashen baƙi na Jawazat, wanda a yankin Makka cibiyarsa take Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, inda ake ɗaukar zanen yatsu, a duba ko akwai ƙara ko bashi a kan mutum, a yanke tara, sannan a ba da izinin fita. An yi afuwa a 2013, an sake yi a 2017, kuma duka biyun hukuma ce ta sanar da su a fili ga kowa, saboda haka kada a biya wani kuɗi don a saka suna a jerin afuwa.

Idan an kama mutum, yana da haƙƙin neman lauya tun a matakin bincike, da neman tafinta, da roƙon a sanar da ofishin jakadancinsa. Kada ya dangwala a kan bayanin da ba a fassara masa ba. Dangi kuma su fara gano inda yake tsare da lambar fayil ɗinsa kafin su ba kowa kuɗi.

Wanda yake bin albashi ko kuɗin sallama, ya shigar da ƙararsa ya kuma yi wakala a Najiz tun yana cikin ƙasar, domin wakalar da aka yi daga gida sai ta bi ta ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa da ofishin jakadancin Saudiyya kafin kotu ta karɓe ta, watanni goma sha biyun nan kuwa ba sa tsayawa jiran hatimi. Ya kuma bar asusun bankinsa a buɗe idan hakan zai yiwu, ko ya rubuta a cikin wakalar asusun da za a zuba kuɗin.